Tukunyar da Aka Ɓoye wa Baƙo

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba in kwashi alhaki. Amma ranar da na kusa korar kaina daga aiki ta ƙi fita daga raina, gara ku ji.

Shekarar da aka bar fam aka koma naira ce. Ina ma'aikacin wucin gadi a ofishin gona na Kazaure, wato wanda ba a tabbatar ba, ana iya sallamarsa da baki kawai. Sai aka turo wani mai bincike, Dakta Bukar, aka ce in riƙa dafa masa kwalabe don kada wani abu ya gurɓata su, kuma rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni ko a sallame ni.

Bincikensa a kan yis ne, ba na kanti ba, wanda ke zaune da kansa cikin ƙullun waina yana tayar da shi. Ya ce halittu ne masu rai, suna da dangi da gado kamar awaki, na kowane gida da irinsa. Ya ce a ƙasashen waje a jikin inabin giya ake farautarsu.

Na ce, "A'uzubillahi! Yallaɓai, ba dai giya zan ɗauko ba?"

"Waina, Sale. Ko ita ma ka daina ci?"

Ya zaɓi masu waina huɗu, a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Ni kuwa damuwa ta hana ni sakat, kada babban mutum ya tarar da ƙazanta ya raina mutanenmu. Ban gaya masa ba, na bi motocin kasuwa na zaga su duka, na ce baƙon gwamnati na tafe, a gyara.

Suka gyara kuwa. Tukwane sababbi fes, ƙullu ya tashi har yana zuba. Muka ɗiba, na manna wa kowace kwalba sunan gari, ya shuka a farantan gilashi. Bayan kwana uku ya kira ni.

"Sale, gari huɗu, yis iri ɗaya, kuma irin na gidan burodi. Ka dafa kwalaben nan kuwa?"

Na san ba laifin kwalabe ba ne. Na dafa su, har sau biyu. Sai na faɗa masa zagayen da na yi. Ya ce, "In sun zubar da tsohon ƙullun, aikin ya mutu, kuma dole in rubuta dalili."

Muka nufi Roni, gidan Gwaggo Dije mai wainar can, ina ta salati a mota.

"Gwaggo, ina tsohuwar tukunyar?"

Ta dubi Dakta, ta harare ni. "Kai ka ce a gyara. Na sayo yis a kanti don kada in ji kunya. Yanzu kuma tonon asiri ka zo?"

"Kin zubar?"

"Ɗan nan, kanka ɗaya? Ragowar jiya ke tayar da na yau, tun daga kakata. In zubar saboda mai wando?"

Ta jawo ta daga bayan rumbu, baƙa ƙirin, rufe da faifai. Dakta ya durƙusa yana shinshina ta kamar turare. Ta ce, "Allah sarki, ashe yunwa yake ji. A soya masa."

Sauran ukun ma ɓoyewa suka yi. Aka sake ɗiba, bambanci ya fito, aka tabbatar da ni. Dakta ya ce ya rubuta ni mai gaskiya ne, sai dai kada a yarda in riga kowa zuwa ko'ina.

Abin da na koya, ku masu tasowa, mutanenmu abin da ya fi daraja shi suke jin kunyar nuna wa baƙo. In za ku je ɗiban samfuri, ku yi sallama kawai a ƙofa.

Saura abu ɗaya. A karo na biyun, na Roni da na Babura sun fito iri ɗaya sak. Dakta ya ce wataƙila matan dangi ne, ƙullun ya bi aure. Ni kuwa har yau ina tunanin ko na cika kwalba biyu daga tukunya ɗaya. Don Allah, wanda ya san ko Gwaggo Dije ta Roni da Ya Falmata mai waina a bakin kasuwar shanun Babura kakarsu ɗaya, ya sanar da ni, in huta.