Garin da Yaya Auwalu ya bari ba kwalli ba ne

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Auwalu a hatsarin mota, Allah Ya jiƙansa. Tun yana raye hankalina bai kwanta da aikinsa ba. Duk zuwan da zai yi daga jami'a, hannunsa nake fara kallo: ƙarƙashin farcensa ja kamar tsatsa, sabulu ba ya fitar da shi.

Dagwalon da masana'antu ke zubarwa yake roƙowa a jarka, wai da ƙarfe a ciki. A ɗakin gwajinsu suke sarrafa shi har ya koma baƙin gari mai laushin gaske. Wata rana ya zuba shi a faranti, ya kara mayen ƙarfe ta ƙasa, sai garin ya miƙe tsaye kamar ƙayar bushiya. Na ja da baya, ga tsohon ciki.

"Matsoraciya," ya ce yana dariya. "Wannan ne zai riƙa kama dauɗar ruwa, a janye shi da mayen ƙarfe. Amma ba mu gama gwaji ba. Kada ya shiga jikin kowa, kada a zubar a ƙasa."

Ya bar min garin a kwalba in ajiye, zai karɓa in ya dawo. Bai dawo ba.

Watan jiya na kai abinci gona. Ina shigowa gida na tarar da 'yata Ummi, idonta baƙi rangaɗau, surukata na riƙe da kwalbar.

"Kwalli mai kyau haka kike ɓoyo, yarinya na yawo ido fari fat?"

"Inna, ba kwalli ba ne."

Malamar asibiti ta wanke idon, ta tambaye ni sunan garin. Da Turanci Yaya ya faɗa, ban riƙe ba.

Jan idon ya washe. Amma Ummi na runtsewa in ta fita rana, kuma na kasa tuna ko da can tana yi.

Maigidana ya ce in binne kwalbar a huta. A ina? Nan gefen Dawakin Tofa duk inda ka haƙa gonar wani ce, ko kusa da rijiyar wani.

Da Yaya na nan, ba zai yi wa Inna faɗa ba. Zai duba idon Ummi, ya gaya min gaskiya ko da mai ɗaci ce. Halinsa ke nan, shi ya sa har yau nake bin maganarsa.

Mai karatu, in ka san wannan aikin, ko kun yi aji ɗaya da shi, don Allah ka neme ni ta hannun jaridar nan. Ka gaya min abin da zan lura da shi a idon 'yata, kuma ka zo ka karɓi kwalbar nan.