Ful Ɗinsu Ya Isa Da Zafinsa

Wai doka ta yarje wa direban 'yan sanda ya tsallake jar danja, ya bi hannun da ba nasa ba, in dai gaggawa ce. To, na ga gaggawar tasu da idona, kuma har gobe in na ji jiniya sai na yi tsaki.

Babana tela ne a Kasuwar Libiya, da ke tsallaken kogi daga Khartum. Wata hantsi yana kan keke bakinsa ya karkace, almakashi ya suɓuce daga hannunsa. Muka sa shi a amjad, ƙaramar motar haya ta wani maƙwabcinmu, muka nufi asibiti a Khartum. Kansa na kan cinyata.

A kan gada muka tarar da cunkoso. Maƙwabcin namu ya danna oda har ya gaji, ba wanda ya matsa, don ba wurin matsawa. Can sai ga jiniya daga baya. Motar 'yan sanda ce mai buɗaɗɗen baya, ta hau hannun masu dawowa, motoci suna ta darewa. Direbanmu bai tsaya shawara ba, ya manne mata a baya. Wallahi a raina har addu'a na yi musu.

Muna sauka daga gadar suka taka birki, suka tare mu. Wani mai tumbi ya sauko yana gyara bel, ya karɓi lasin, ya shiga karanto mana doka da Larabci kamar mai huɗuba. Hanyar nan tasu ce su kaɗai, in ji shi, don suna bakin aiki na gaggawa. Na nuna masa babana. Ya leƙa, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ci gaba da rubutu a hankali, har yana kaɗa biro don ya ƙi kawowa.

A nan ne na ɗaga kai na kalli bayan motarsu. Ƙatuwar roba ce cike da ful, waken da ake karyawa da shi, an rufe da faranti, ga buhun burodi a gefe. Ɗan sanda guda, da bindigarsa da komai, ya rungume robar da hannu biyu don kada man ya zube.

Na ce wa mai tumbin, "Ranka ya daɗe, wannan ne marar lafiyar naku?"

Bai ko kalle ni ba. Tambayar tawa ma ta sa ya ƙara ja mana lokaci.

Da muka isa, likita ya tambayi abin da ya tsayar da mu.

Baba ya tashi, amma hannun dama bai dawo ba. Keken yana ɗaki a gidanmu na unguwar Mayo, an lulluɓe shi da tsohon zane. Mutumin da ya sha buge mana hannu in muka kai hagu cikin kwano, yanzu da hagun yake ci, kuma kafin kowace loma sai ya ce astagfirullah.