Gwadon Mijin Baƙuwa

A gidanmu na ƙauye, can gefen Ƙarfi, hira ba ta farawa sai an idar da isha'i an kwashe kwanuka. Lokacin da na fi tunawa shi ne bayan an karya masara an jibge ta a tsakar gida. Kakarmu Dije takan sa a bar mata garwashin murhu, ta riƙa jefa totuwa a ciki, mu kuwa jikoki mu kewaye ta, kowa da ƙwaryarsa, muna murje masara. Dokarta ɗaya ce: wanda hannunsa ya tsaya, to bakinta ma ya tsaya. Saboda haka ko tafin hannu na zafi ba mai nunawa.

Yawanci tatsuniyoyi take yi mana, na kura da zomo da 'yan matan da suka ƙi jin magana. Amma akwai labari guda wanda ba ta yi masa buɗewar tatsuniya. Sai ta gyara zama ta ce, "Wannan kam ya faru. Da wayona aka yi shi."

A lokacin, in ji ta, mota ba ta shigowa ƙauyen. Da jakuna ake kai auduga Funtua, kuma kafin a kai babbar hanya sai an ratsa wani kurmi mai rafi a tsakiya. Akwai wani ɗan ƙauyen mai suna Ɗanjuma, ƙaƙƙarfa, mai fara'a, wanda ke raka matafiya su haye kurmin. Kowa yabonsa yake yi. Sai aka fara jin cewa wane ya sayar da audugarsa bai koma gida ba, wane ma haka. Wasu suka ce kura ce, wasu suka ce aljanu, wasu suka ce mutum in ya ga kuɗi yakan bi duniya. Cikin waɗanda suka ɓace har da Audu, ƙanen mahaifiyar Kaka, wanda shi ne ke goya Kaka a wuya ya kai ta gona.

Wata rana da magariba wata mata ta iso ƙauyen a ƙasa, ta ce daga Maska take, sunanta Hansatu, mijinta take cigiya. Mai gari ya sa aka kai ta masauki wajen Inna Yalwa, tsohuwa mai daddawa, wadda ke da fili a ɗakinta. Inna Yalwa ita ce mahaifiyar Ɗanjuma, shi kuwa ya yi tafiya a ranar. Ta ba baƙuwa tuwo, da ta ga sanyi ya kama ta sai ta ɗauko gwadon da ta fi ji da shi, wanda ɗanta ya kawo mata tsaraba, ta lulluɓe ta.

Da gari ya waye haske ya shigo, Hansatu ta dubi abin da ta kwana a ciki. Ita ta kaɗa zarensa da hannunta. A gefe guda akwai inda wuta ta taɓa ci, ta ɗinke da baƙin zare saboda ba ta da fari. Ta tambayi tsohuwa inda ta samo shi, tsohuwa ta faɗa mata cike da alfahari. Hansatu ta ce, "Inna, da wannan mijina ya bar gida."

A nan Kaka takan tura totuwa cikin wuta. Ta ce sai Inna Yalwa ta tashi ta shiga ɗakin ɗanta, abin da ba ta saba yi ba. A cikin wata tukunya ta tarar da huluna da layu da takalma waɗanda ba ƙafa ɗaya ta sa su ba. Ta fito ta naɗe gwadon, ta ɗora a ka, ta kama hannun baƙuwarta, suka nufi ƙofar mai gari. Da Ɗanjuma ya dawo 'yan doka na jiransa. Shi ya kai su wata tsohuwar rijiya a cikin kurmin. Aka tafi da shi, ba a sake ganinsa ba.

Yayana Sani ba ya haƙura a wannan gaɓar. Kullum sai ya tambaya mutum nawa aka ciro, da me yake kashe su, ko suna ihu. Kaka takan harare shi ta ce, "Ya kashe su, Allah ya jiƙansu. Kai mahauci ne da kake neman sanin wuƙa? Murza masararka."

Ita inda ta fi daɗewa shi ne abin da ya biyo baya. Aka daina sayen daddawar Inna Yalwa. In ta zo rijiya mata su ɗauke tulunansu. Wasu na cewa ita ta haifi maciji, wasu kuma na cewa wace irin uwa ce za ta miƙa ɗanta da hannunta. Ta ko'ina ba ta tsira ba. Sai wata rana, bayan an share makoki, mahaifiyar Kaka ta zuba tuwo a akushi ta ɗauka da kanta ta kai mata. Dangi suka yi mata ca. Ta ce musu, "In ba don ita ba, da har yanzu ina leƙen hanya ina jiran Audu." Kaka ta ce da uwarta ta dawo, bayan rumbu ta zagaya ta yi kuka, kuma ranar ba ta ci komai ba. Washegari ta sake kaiwa. Haka ta yi ta yi har tsohuwar ta rasu.

Mu dai a lokacin wannan ɓangaren gundurarmu yake yi. Rijiyar muke so.

Yanzu ina zaune a Funtua, ina ɗinki a gida, Kaka ta daɗe da rasuwa. Ɗana Habibu ya kamu da kallon shirye-shiryen nan a waya, na manyan makasa na ƙasashen Turawa, da masu shiga makaranta ko kasuwa su buɗe wa jama'a wuta. Na yi masa faɗa, daga baya ni ma na zauna ina leƙawa yana fassara mini. Ana nuna hoton makashin tun yana jariri, da ɗakinsa, da makaminsa, da maƙwabta suna cewa yaro ne mai shiru. Duk tambayoyin Sani an amsa su dalla-dalla. A wani shirin na ga an ƙwanƙwasa ƙofar uwar makashin, ta leƙo da jajayen idanu ta rufe, aka wuce zuwa wani abu. Ni kuwa hankalina ya tsaya a bayan ƙofar.

Bara 'yan bindiga suka shiga ƙauyen goggona suka kashe mutane a gona, har da ɗanta Lawal, wanda muka yi murzar masara tare da shi. Bayan wani lokaci jami'an tsaro suka kama wani yaro a layinmu, Nura, aka ce yana cikin masu kai wa maharan rahoto. Uwarsa Rabi mai awara ce, gida biyu ne tsakaninmu. Tun daga ranar kaskonta ya huce. Ba a gayyatar ta suna, in ta yi sallama a amsa a ciki. Ni ma ban nemi ta ba. Akwai atamfar 'yan matanta biyu da ta kawo mini tun kafin abin ya faru, na tura ta can ƙasan kaya, ita ma ba ta aiko ba.

Ina yarinya na ɗauka abin da mahaifiyar Kaka ta yi mai sauƙi ne, tunda mutanen kirki a labari ba sa shan wahalar kirki. Sai yanzu na gane dalilin da Kaka ba ta taɓa tsallake kukan bayan rumbu ba. Kuma nawa ya fi wuya ta wani gefen. Inna Yalwa ta kai ɗanta da kanta, akwai abin da za a nuna a ce ta yi. Rabi rantsuwa kawai take da ita cewa ba ta sani ba, ni kuma ba ni da hanyar shiga zuciyarta. Na yi ta juya wannan har azumi ya yi nisa. A ƙarshe na ga in sai na tabbatar za ni, to ba zan taɓa zuwa ba.

Na ɗinka kayan, ana jajiberin Sallah bayan an sha ruwa na kai mata. Ta rame sosai. Ta dubi ledar, ta dube ni.

"Maman Habibu, kin san abin da ake faɗa."

Na ce na sani, amma yara za su yi Sallah.

Ta shimfiɗa mini tabarma. Ta tambaye ni ko Lawal ya bar 'ya'ya, na ce ya bari. Ta ce in faɗa mata sunayensu, na faɗa ɗaya bayan ɗaya, tana maimaitawa a hankali. Sannan ta shiga ta ɗebo ruwa a kofi, ta tsaya riƙe da shi nesa kaɗan, kamar wadda ta saba a ce mata an ƙoshi. Lawal na cikin raina a lokacin, kuma ban ji na yafe wa kowa komai ba. Na miƙa hannu na karɓa, na yi bisimilla, na shanye.