Lasifikar 'Yardada

A unguwar Dala, idan aka sa ranar wuni ko suna, abin da mata kan fara tambaya shi ne ko an gaya wa 'Yardada. Zabiya ce mai kiɗan ƙwarya, gajera, mai saurin dariya. A wurin gwaggonta ta koyi sana'ar, tun tana 'yar amshi a can gefe har ta zama ita ke ba da waƙa. Mu da muka taso a lungunsu mun san muryarta kafin mu san fuskarta, domin idan ta ɗaga ta a tsakar gidan biki, har masu shayi na bakin titi suna ji. Ba ta zambo, ba ta habaici. Gwanintarta ita ce sanin dangi: ta kan jero wa amarya kakanninta ɗaya bayan ɗaya, har tsofaffin gidan su fara share ido da bakin mayafi.

Mijinta, Malam Isyaku, baduku ne a Ƙofar Wambai, mutum ne da ba ya son yawan magana. Bai taɓa ganinta tana waƙa a taro ba, tunda sha'anin mata ne. Abin da ya sani shi ne wanda take rerawa a madafi idan tana tuƙa tuwo.

Wata damina tari ya kama ta ya daɗe. Tarin ya tafi, muryar ba ta dawo yadda take ba. Zaƙin yana nan, ƙarfin ne ya ragu. Ta sha zuma, ta sha citta da kanumfari, ta je asibiti, likita ya ce ta daina tilasta wa maƙogwaronta. Ta ci gaba da zuwa biki duk da haka, har ranar wani suna da ta lura matan da ke baya hirarsu kawai suke yi, ba sa jin komai sai ƙwarya. Wata budurwa ma ta ce da ƙawarta, ba da nufin a ji ba, "Da dije mai sa kiɗa da na'ura aka kira da tuni an tashi rawa."

'Yardada ta ji. Ta ƙarasa waƙar, ta dawo gida, ta kife ƙoren a bayan ɗaki ta ce ta gama.

'Yarta Sa'adiyya, wadda ke koyarwa a firamare, ita ta kawo maganar lasifika.

"Umma, akwai ƙanana masu batir, ana ɗauka a hannu. Ba sai kin ɗaga murya ba."

"Ni da lasifika? Sai ka ce mai tallan maganin basir a kan mota? Rufa min asiri, Sa'adiyya."

Haka maganar ta tsaya har aka ɗan kwana biyu. Ana aiko mata goron gayyata tana mayarwa da ban haƙuri. Ko a madafi ta daina rerawa. Wata safiya Malam Isyaku yana ɗaure takalmi zai fita, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Gidan nan ya yi min shiru da yawa. Akwai shagon Gwadabe kusa da rumfarmu, kayan sauti yake sayarwa. Ki je ki gani kawai, ba wanda ya ce dole ki saya."

Da hantsi ta aika aka kira mata Asibi, babbar 'yar amshinta kuma aminiyarta tun ƙuruciya, ta naɗe ƙwarya ɗaya da 'yan sandunan kiɗi a tsohon zani. Su uku da Sa'adiyya suka hau adaidaita sahu.

Gwadabe ya tarbe su da fara'a, ya ba su benci. Da ya ji abin da ya kawo su, sai ya jawo wata ƙatuwa da ta kai masa ƙugu, ya kunna. Fitilu ja da kore suka hau walƙiya, sautin ya daki ƙirjin kowa, har Asibi ta dafe kunne.

"Kashe, kashe, ɗan nan!" in ji 'Yardada. "Wannan wa zai ɗauka? Lungunan da nake shiga ko adaidaita ba ta shiga, ni da 'yan amshina mu huɗu ne kuma duk mata, kowacce da ciwon gwiwarta."

Ya yi dariya, ya ɗauko wata 'yar ƙarama kamar gidan sabulu. Ya miƙa mata makirfo, ta riƙe shi nesa da baki kamar zai cije ta, ta yi sallama a ciki. Muryar ta fito siririya, kamar daga cikin gwangwani.

"Wannan ba ni ba ce," ta ce, ta mayar masa.

Nan Gwadabe ya zauna ya fara tambayarta da gaske. Mutum nawa kan taru? A tsakar gida ne ko a fili? Akwai wuta a gidajen? Ta ce tsakar gida ne, wuta kuwa sai an dace, kuma daga azahar take farawa ta tashi kafin magariba. Ya shiga ciki ya fito da wata baƙa matsakaiciya, ba fitila ba ado, mai mariƙi a sama. Ya ce batirinta zai kai ta wannan lokacin idan ta cika caji, kuma mace ɗaya za ta iya ɗauka.

"To, hannuna fa? Duka biyun suna kan ƙwarya. Da me zan riƙe abin maganar?"

Sai ya ɗauko wani da ake maƙalawa a ka, siririn ƙarfensa ya zagayo bakin mutum. Sa'adiyya ta ɗaura mata a kan ɗankwali. Asibi ta dube ta, ta fashe da dariya har da tafi.

"Wallahi Yaya kin zama matuƙin jirgin sama. Saura ki kai mu Makka."

'Yardada ta harare ta, amma ba ta cire ba. Ta sauka daga benci ta zauna a ƙasa, ta kwance zanin ta kife ƙwaryar. Ta fara kaɗawa a hankali, sannan ta ba da waƙa ƙasa-ƙasa, yadda maƙogwaron ya yarda. Da farko muryar ta riƙa maimaita kanta kamar a cikin rijiya. Gwadabe ya murɗa wani abu, ya rage wani, amsa-kuwwar ta ɗauke. Sai ga muryar 'Yardada ta cika shagon, da zaƙinta da 'yar dishewarta, ba ƙari ba ragi. Asibi ta karɓi amshi ba tare da an ce mata ba.

A tsakiyar baiti 'Yardada ta tsaya. Ta daɗe tana kallon baƙar lasifikar, idonta ya kawo ruwa. A bakin shagon kuwa mutane sun taru, masu dako da mata masu cefane.

"Iya," in ji Gwadabe, "ashe ke ce. Wannan waƙar kika yi wa yayata ranar kamunta. Ina soro ina ji."

Ta share ido ta ce, "Wace ce yayar taka?" Ya faɗa. Nan take ta jero masa sunan kakarsa da na uwar kakarsa. Sa'adiyya aka bar wa cinikin, bai kuma yi tsawo ba.

Da suka dawo gida, Malam Isyaku ya jujjuya kayan ya duba. Washegari ya tafi da lasifikar rumfarsa, ya dawo da ita cikin rigar jar fata da ya ɗinka mata, da maratayi mai faɗi don kada ya ci kafaɗa.

Fitar farko a wani gidan wuni ne a Ɗan Agundi. 'Yardada ta ajiye lasifikar a bayanta, tana buɗe baki abin ya ƙwala wani ihu da ya sa jarirai kuka. Sa'adiyya ta tuna Gwadabe ya ce a sa ta a gaba, ta kalli jama'a. Aka gyara, aka yi dariya, wuni ya yi kyau, matan baya suka taso suka yi rawa.

Saura matsala ɗaya: yanzu ita ake ji, amshi ya nutse. Asibi ta fara cika tana batsewa, har 'Yardada ta zaro ɗaya makirfon na hannu daga kwalin lasifikar ta ba ta. Tun daga nan Asibi ba ta rabuwa da shi, ko abinci aka kawo yana cinyarta.

A wani suna cikin Dala, an tsaya hutu an kawo musu waina da miyar taushe. Asibi ta kai loma ɗaya, ta sunkuyo wajen 'Yardada ta ce, "Wannan miyar ko gishiri ba ta gani ba." Makirfon a kunne yake. Maganar ta fito ɗaya bayan ɗaya, ta zagaye tsakar gidan har soro.

Gidan ya yi tsit. Asibi ta daskare da loma a hannu. Sai uwar mai jego, wata dattijuwa, ta tashi ta shiga madafi, ta fito da ƙoƙon gishiri ta dire a gabanta ta ce, "Ga shi, Hajiya, a zuba a sake sanarwa."

Aka kece da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. 'Yardada ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, aka ba ta ruwa. Da ta samu kanta ta ja ƙwarya, ta ƙirƙiro wa dattijuwar waƙa a nan take, ta yabi hannunta da haƙurinta, Asibi na amshi kai a sunkuye.

Har yau suna zuwa biki tare, kuma Asibi ce ke rataya lasifikar a kafaɗa idan sun shiga lungu. Makirfon hannun dai yana cikin jakar 'Yardada, ba ta miƙa shi sai an kwashe kwanuka.