Inna da Ƙudajen Jikanyarta

Shekara tara ke nan da muka rufe Inna a Bodinga, Allah Ya ji ƙanta. Ciwon mantuwa ya daɗe yana cinta kafin ajali. Sai ta ɗauki mayafi ta nufi hanyar Kajiji, garin haihuwarta, wai mahaifinta na jiranta, alhali ya rasu tun muna yara. Mu kuwa muka ce tsufa ne, muka yi ta tare ƙofa.

Inna mace ce mai tsabtar tsiya. Ƙuda ɗaya ya sauka a bakin ƙwarya, furar nan ta zama ta awaki. Shi ya sa na daɗe ina dariya ni kaɗai idan na tuna sana'ar ɗiyata Rabi, jikanyar da ta fi so. Kiwon ƙuda take yi a ɗakin bincike, irin ƙananan nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro. Har abinci take dama musu da garin masara. Da Inna na raye, na san salati za ta sa, ta ce, "Wanga karatu, mi ya yi zafi?"

Rabi ta ce an sauya wa ƙudajen ƙwayar halitta don ƙwaƙwalwarsu ta kamu da irin ciwon kakarta. Takan buga kwalbar da suke ciki su zube ƙasa. Masu lafiya su haye sama, marasa lafiya su yi ta fama. Sai ta zuba magani a abincinsu, ta duba ko gobe za su hau.

Bana abin ya daina ba ni dariya. Yaya Bello, wanmu, tela ne a kasuwar Bodinga. Na kai masa yadin sallah, ya auna ni, muka taɓa hira, sai ya sake ɗauko awo ya ce in miƙe. Na kira Rabi na tambaye ta yaushe maganin zai fito. Ta ce, "Baba, wataƙila ba zai riske shi ba."

Na ji zafin maganar, amma na gode da ba ta yi mini ƙarya ba. Halin Inna ne sak, kuma ina ganin shi ne babban abin da ta bar mana, shi da haƙuri da ɗan'uwa.

Jiya na koma karɓar ɗinkin. Yaya ya dube ni da murna, ya ce ai bai auna ni ba tukuna. Na miƙe, na buɗe masa hannuwana.