Rigunan Baba a Kan Igiya

Shekarun baya, da ƙodojin mahaifina suka daina aiki, aka gwada mu 'yan gida, sai tawa ce ta dace. Ni ce 'yar fari, kuma kun san yadda ake yi da ɗan fari a ƙauyukanmu na wajen Ɗanbatta. Baba bai taɓa kama sunana ba. "Yarinyar nan" nake. In yana son in kawo masa ruwan alwala, Inna yake gaya wa, ko da ina tsaye a gabansa. Ita ma Innar kunyata take ji, sai ta ɗaga murya kamar da garu take magana.

Aka yi mana aikin a wani babban asibiti a Kano, aka yi nasara. Likita ya so mu zauna kusa na ɗan lokaci, Baba ya ce gero ya nuna, ɗalibansa kuma suna jira. Muka koma gida, shi da ɗinkinsa, ni da nawa, ina tafiya a duƙe kamar tsohuwa, ni da nake cika baki cewa ba na tsoron wuƙa.

Da yake ba na iya aiki, a tsakar gida nake wuni a kan tabarma, ina kallon igiyar shanya. A nan na lura. Baba mutum ne da riga ɗaya take yi masa kwana biyu, amma yanzu duk sallah sai Inna ta fito da riga da wando ta wanke. Ya daina zuwa masallaci. Masu dubiya ma daga bakin zaure ake sallamar su. Na tambayi Inna, ta ce ruwan ciwo ne kawai yake fita ta wurin ɗinkin, tana yi masa gashi da ruwan ɗumi. Da ta shiga ɗaki na ja jiki na shinshina rigar da ke cikin kwano. Ko ba a je sakandare ba, an san warin fitsari.

An gaya mana magungunan da yake sha suna rage ƙarfin jiki, ƙaramar cuta ma tana iya kayar da shi, ta tafi da ƙodar. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na shiga ɗakinsa na zauna daf da shimfiɗarsa. Ya juya fuska bango, ya ce wa Inna ta gaya wa yarinyar nan ta fita.

Na ce, "Baba, ƙodar nan tawa ce. Aro na ba ka, ina da ikon in tambayi lafiyarta."

Can ya fara magana, har yanzu da bangon. Ya ce yoyon fitsari a saninsa ciwon mata ne da suka sha wahalar haihuwa, ina malami zai kai wannan labari. Ya ce yana sauya kaya ne don sallarsa ta yi tsarki. Sai muryarsa ta yi ƙasa.

"An yanka yarinya saboda ni. Da wane baki zan ce mata abin ya lalace?"

Ranar muka hau motar Kano. Aka ɗebi ruwan aka gwada, aka yi hoto, likita ya ce fitsari ne. Ya zana mana a bayan hannunsa: akwai 'yar siririyar hanya da ke ɗauko fitsari daga sabuwar ƙodar zuwa mafitsara, ƙarshenta da aka ɗinka bai samu jini sosai ba, ya mutu, shi ne fitsarin ya nemi hanya ta wurin yankan. Ya ce abu ne da yakan faru bayan dashe, mace ko namiji, ba kuma laifin ƙodar ba ne. Ni dai kalma ɗaya na riƙe: ƙodar tana aiki.

Da farko suka sa masa robar fitsari da magani, ko wurin zai rufe da kansa. Bai rufe ba. Aka sake shiga da shi tiyata, aka yanke wurin da ya mutu, aka sake ɗinka mai lafiyar a jikin mafitsara, aka bar wata 'yar roba a ciki da aka cire daga baya. Ina bakin ƙofa ina jan carbi har aka fito da shi.

Baba ya warke sarai. Bana ma da kansa ya kai wakensa kasuwar Dawanau. Na san na yi daidai da na keta kunyar nan, kuma gobe ma zan keta. Har yau bai kama sunana ba, sai dai yanzu in jikinsa ya yi wani iri, ba Inna yake gaya wa ba, cewa yake a kira masa "mai ƙodar". Amma tsoron bai sake ni duka ba. Duk ranar da na je gida, kafin in yi sallama, igiyar shanya nake fara dubawa.