Yadda Na Kamo Ɓarauniyar Awo a Kasuwar Kalgo

Gwandu zuwa Dalijan

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar Gwandu bisa jakin kawuna, da agogon aro a hannu. Ku 'yan gida da kuka dame ni in rubuta muku yadda na zama mai binciken algus a kasuwanni, to ga shi. Sai dai ku yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na yi a elemantare, malam ya ce kaina ya cika, kada a ƙara ya zube. Lokacin kuwa Turawa ba su tafi ba, amma sun fara ɗaure kaya.

Takarda ce ta zo daga wani ofis a Birnin Kebbi, ana neman wanda zai riƙa zaga kasuwanni yana kama masu cutar mutane wajen awon hatsi. Mahaifina ya rasu da shekara guda, gonar da ya bari an raba ta biyar, kasona ko akuya ba zai ƙosar ba. Ga inna, ga ƙannena mata biyu.

Takardar ta ce abin sirri ne. To amma wa ya taɓa barin Gwandu bai yi sallama ba? Na yi wa liman, na yi wa kawunnaina uku, inna kuma ta bi gidaje tara tana roƙa mini addu'a. Kowa an ce masa ya bar maganar a cikinsa.

Bakwai da kwata na sauka Dalijan, gidan Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina. Ban gama ɗaure jaki ba ta leƙo.

"Ƙaƙa hanya, mai kamun ɓarayi?"

Na ce, "Gwaggo, wa ya gaya miki?"

"Masu gishiri sun wuce jiya. Zauna ka sha hura, sirrinka na nan lahiya lau."

Dalijan zuwa Birnin Kebbi

Na bar jakin wurinta. Ƙarfe tara da minti ashirin babbar mota ta zo, sule ɗaya da sisi, a kan buhunan gyaɗa. Sau biyu muka sauka muka tura ta. A wani shinge ɗan doka ya leƙo yana tambayar kowa inda za shi. Da ya zo kaina ban buɗe baki ba, direba ya amsa daga gaba: "Wanga malamin mudu na, a bar shi!" Mota duka ta juyo tana kallona, har da wani rago.

Ƙarfe ɗaya muka shiga Birni. Babban akawun ofis ɗin mutum ne mai tabarau, ba ya kallon fuskar wanda yake wa magana. Mu biyu ya tsayar, ni da wani siririn saurayi mai suna Bawa. Ya ba kowannenmu mudun ƙarfe mai hatimi a gindi, ya koya mana dabarun 'yan kasuwa: wani yakan bubbuge gindin mudu ya turo shi sama, wani ya liƙa kakin zuma a ciki, wani kuma mudu biyu gare shi, babba na saye wurin manomi, ƙarami na sayarwa.

Ya ce, "Kai Kalgo, Bawa wata kasuwar. Kujera ɗaya ce. Wanda ya kawo mudun ƙarya da sunan mai shi, shi ke da aiki. Wanda ya dawo hannu sake, ya gaida gida."

Na kwana a zauren wani mutumin garinmu. Tuwon shinkafa na taro, wato kwabo uku, na ci, miyar ba ta san nama ba.

Birnin Kebbi zuwa Kalgo

Biyar da rabi na kama hanya a ƙasa tare da masu jakuna, mil goma in ji su. Na naɗe mudun cikin tsohon rawani, na rungume shi kamar jariri. Tara saura kwata muka hango garin. Wani ƙaƙƙarfan mutum mai faɗin riga yana tsaye bakin hanya, ya ware hannuwa.

"Maraba da Malam Mudu! Tun shekaranjiya muke jiranka."

Sunansa Ɗan Ige, dillalin hatsi, shi ke saukar da baƙin kasuwa. Ya yanka mini kaza. Allah ya sani na ci, har ƙashi na tauna. Ɗakin da ya sauke ni akwai buhuna biyu a jingine. Na je in jingina da ɗaya, sai na ji ƙwaram, ƙarar kwanuka suna gugar juna. Na dubi buhun, na dubi Ɗan Ige.

Ya yi murmushi. "Kayan mutane na, amana aka ba ni. Kamar yadda kai ma amana kake a gidanga."

Ga romon kazarsa bai bushe a yatsuna ba. Ku faɗa mini, wane ɗan mutunci ne zai kwance buhun mai masaukinsa? Ban kwance ba. Tsofaffin mudayen kasuwar Kalgo kaf, ɗaki ɗaya aka sauke mu da su.

Cikin kasuwa

Sha ɗaya na fara aiki. Jama'a, ban taɓa ganin kasuwar salihai irin wannan ba. Kowane mudu sabo ful, yana walƙiya, har da warin dalmar maƙeri. Na gwada na masu gero, na masu dawa, na masu shinkafa, layi layi, duk cif. Wani ma ya ce, "Malam, auna da kyau. In nawa ya fi na gwamnati, ka gaya musu su gyara nasu." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi.

Bayan la'asar, huɗu da minti goma, kasuwa ta fara watsewa, ba ni da komai. Sai na hangi wata tsohuwa can ƙarshen layi, gindin wata tsamiya, da ɗan kwandon shinkafa. Ƙafafunta duk laka, daga wani ƙauye a hayin fadama ta fito. Ba ta ji sosai, ba kuwa wanda ya damu ya sanar da ita zuwana. Da ƙwarya take awo, tsohuwar ƙwarya da ta taɓa fashewa aka ɗinke.

Na tsuguna na ce ta auna mini ɗaya. Ta auna ta juye a rawanina. Sannan ta dube ni.

"Kai baƙo na, ɗana. Ga gyara."

Ta cika tafi biyu ta miƙo. Kun san gyara, ƙarin da mai sayarwa ke yi bayan awo. Na tara aljihun rigata ta zuba a ciki. Sai na fito da mudun hatimi, na juye abin da ke rawanin kaɗai. Ya rage kamar kaurin yatsa. Ɗinkin ne ya tsuke ƙwaryar, ko makaho ya shafa zai gane.

Mutane suka taru. Na tambayi sunanta da ƙarfi, ta ce Kulu. Na rubuta, harafi harafi, da hannun nan nawa mai kyau.

Ta ce, "Ɗana, zuba gyaran ka gani mana."

Da na zuba, da mudun ya cika har ya zube. Na sani, ita ma ta sani, masu kallo ma sun sani.

Na ce, "Inna, doka ba ta san gyara ba."

"To ni ban san awon da ba gyara ba. Ƙwaryag ga ta uwata ce."

Na ɗauke ƙwaryar. Ɗan Ige ya dafe ƙirji yana cewa, "Subhanallahi! Tsohuwa da ita!" Sauran suka taya shi salati. Mai shela ya zaga da sunanta, aka ce kada ta sake kasa kaya a kasuwar. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ɗora kwandonta a ka, da sauran shinkafar da ba ta sayar ba, ta nufi fadama.

Komawa

Washegari goma da rabi ina gaban babban akawu. Ya juya ƙwaryar da bakin alƙalami, ya ce, "Madalla. Ga mai ido." Bawa ya dawo hannu sake. Ya ce duk mudun da ya gani daidai ne, labari ya riga shi zuwa. Gaskiya ya faɗa, aka ba shi kuɗin mota. Daga baya na ji ɗinki ya koya.

Ni aka ba ni kaki da keke. Shekara talatin da ɗaya na yi ina wannan aiki, har na zama babba, yara suna rusuna mini. Na kama manyan macuta daga baya, kada ku ce ban yi komai ba. Sau da yawa na koma Kalgo, kullum gidan Ɗan Ige nake sauka. Na tambayi labarin Inna Kulu sau ɗaya, aka ce ba a san ta ba. Ban sake tambaya ba.

Ran da aka ba ni aikin, mota ta sauke ni Dalijan ƙarfe uku, na karɓi jakin kawu, ana kiran magariba na shiga Gwandu. Inna ta rangaɗa guɗa, ƙannena suka yi ta tsalle. Da safe ta ɗauki rigata za ta wanke, sai ta kira ni.

"Shinkafar mi ce wagga a aljihunka?"

Na ce, "Wata tsohuwa ce ta ba ni a Kalgo."

Ta ɗaga hannu sama. "Allah shi yi mata albarka, shi sa ta gama da duniya lahiya. Ka gani, har yanzu akwai mutanen kirki." Ta kakkaɓe ta tas a faifai, ko ƙwaya ba ta bari ba, ta haɗa da ta gida ta dafa mana. Aka zuba mini kaso mafi yawa, tunda ni ne ma'aikaci.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa kawu da jakinsa, da Gwaggo Hajo da furarta, da Ɗan Ige da kazarsa. Inna Kulu kuwa, godiyarta inna ce ta yi, ni dai na ce amin, na cinye.